Idan Honda Accord Ta Ƙi Tashi: Makulli Ne ko Na'urar Hana Sata?

Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, wadda har yanzu ta cika hanyoyinmu, tana da na'urar hana sata da ke rikita makanikai da yawa. A cikin kan makullinta akwai ƙaramin guntu mai ɗauke da lamba, a kewayen ramin makulli kuma akwai zobe da ke karanta lambar ya aika wa kwamfutar injin. Idan lambar ba ta dace ba, sitata za ta juya injin, amma kwamfutar ba za ta saki mai ba.

Shi ya sa nake fara duba koren hoton makulli da ke kan allon mota. Idan ya kunnu na ɗan lokaci ya mutu, makullin ya karɓu, sai a nemi matsalar a wani wuri, musamman babban rile, wato makunnin lantarki mai ba famfon mai wuta, da ke ƙarƙashin allon, wanda dalmarsa kan tsage saboda zafi. Idan kuwa yana ta ƙyaftawa, to ko guntun ya lalace, ko makullin yankakke ne kawai na kasuwa, ko kuma wayar zoben ta saki.

Abin da ya fi damuna shi ne motar da aka riga aka yi wa dabara. Wasu sukan cire guntun su manne shi da gam kusa da zoben, a ƙarƙashin murfin sitiyari, ta yadda kowane makulli da aka yanka zai tayar da ita. Ranar da gam ɗin ya saki, motar za ta ƙi tashi ba gargaɗi, kamar famfon mai ne ya lalace, don haka kafin a sayi sabon famfo, a buɗe murfin a duba.