Ɗakin Inna ya rushe amma yana nan a jikin katako

Damunar bara ce ta cinye mana ɗakin Inna, kakarmu, Allah ya jiƙanta. Ginin ƙasa ne na tubali, an shafe shi da makuba, ga dagi a saman ƙofa wanda maginin ya fitar da hannunsa tun kafin a haifi babanmu. Ruwan watan Agusta ya kwana biyu yana zuba, da asuba sai ji muka yi rim, bangon gabas ya zauna. Yanzu bulo ne a wurin da rufin kwano, kuma ban ga laifin kowa ba, wanda ya taɓa kwana yana tarar ɗiga da roba ya san daɗin kwano.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ina da hotunan ɗakin a waya, sun fi ashirin, wayar ta faɗa ruwa komai ya tafi. Shikenan.

To akwai ɗan yayata, yaro ne ɗan sakandare, tun yana firamare gawayi ba ya tsira a hannunsa, duk bangon zaure ya sha zane. Da na je gida hutun sallah sai ya ce min Kawu zo ka gani. Ya samo guntun silin a wajen kafinta, ya roƙi ragowar fenti wurin masu fentin masallaci, ya zana cikin ɗakin Inna daga ka, babu hoto babu komai. Wallahi na daɗe a tsaye ban ce uffan ba, ga jeren tasoshi da kwanukan samira tun daga ƙasa har kusa da azara, ga gadonta, ga faifai rataye, har hasken nan da ke shigowa ta 'yar taga da hantsi ya saka.

Amma ba nan labarin yake ba. Goggo ce ta shigo, ta karɓa ta kai kusa da ido, sai ta ce "kai yaro randar nan ba nan take ba, bayan ƙofa take, kuma ina moɗar da ke kan murfin?" Kafin ka ce me matan gidan sun taru kowa na gyara masa, wannan ta ce akushin Malam a ƙarƙashin gado ake ajiye shi, waccan ta ce ya manta maburgi da mara, ƙananan yara kuma suna ta tambaya wai mene ne akushi, a gidan da aka shekara hamsin ana cin tuwo a cikinsa fa! Ranar har bayan isha'i ana hira, Goggo ta ba mu labarin yadda aka yi daɓen ɗakin, mata sun taru da madaɓai suna bugu suna waƙa ana yayyafa ruwan makuba. Ni da girmana ban taɓa jin wannan ba. Hotunan wayata da suka ɓata na nuna musu sau nawa, a ce Allah sarki a miƙo min, babu wanda ya taɓa buɗe baki haka, saboda hoto ba ya neman gyara, zane kuwa sai an tambayi wanda ya sani.

Kuma mu mutanen Jigawa bai kamata abin ya zama mana baƙo ba. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse, a shekarun 1950 ne masu binciken tarihi suka fito da labarinsu duniya ta sani. Ka je ka duba da kyau, shanun ba su da tozo, ba irin bunajin da Fulani ke korawa yanzu ba ne. Da wani bai zauna ya zana ba wa zai ce maka an taɓa kiwon irinsu a ƙasar nan?

Nasan wani zai kawo maganar hukuncin zana mai rai, baban yaron ma ya kawo ta, kuma magana ce da ba a wasa da ita. Sun je wurin malamin unguwa, yanzu yaron ba ya fitar da fuska, masu daka ta baya yake zana su, ko ya tsaya kan turmi da taɓarya da rumbu. Ai zayyanar allon sauka ma aikin launi ce, kuma hannun malamai ke yinta.

Injin niƙa ya kusa kashe daka a garinmu, roba ta kori ƙwarya, rumbu uku kacal na ƙirga a layinmu. Shi yasa da na dawo Kano na saya masa fenti kala shida da burushi na ba direban motar garinmu ya kai masa. Ya gyara randar, ta koma bayan ƙofa da moɗarta. Jiya ya kira ni wai Goggo ta ce ya zo da katakonsa ranar Juma'a bayan an sauko, zata zauna ta kwatanta masa yadda ake riƙe madaɓi.