Gilashi a ƙasa: jarrabawar tuƙina a hunturun korona

Ba sha'awar mota ce ta kai ni oto-ekol, makarantar koyon tuƙi, ba. Baba yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma tun da aka samu mutum na farko mai korona a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, kai shi asibiti a taksi ya zama abin fargaba. Kun dai san taksin garin nan: direba ya ɗauki wannan a Wadata, ya ƙara wancan a Katako, kafin a isa mota ta cika maƙil. Ga kuma motar yayana a tsakar gida, shi yana aiki a Agadas, ƙura sai hawa kanta take. Na ce to, ni zan tuƙa.

Ban fara nan take ba, don a watannin ne aka hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka tsare shiga da fita birnin, aka rufe masallatai, sai tsakiyar Mayu aka sassauta. Ni kuwa ina kan keken ɗinki a Bukoki ina ɗinka takunkumi ba dare ba rana, da cinikinsa ma na biya kuɗin koyon. Kod, wato jarrabawar dokokin hanya, da kireno, wato gwajin faka mota, ba su ba ni tsoro ba ta fuskar cuta. A kireno ke kaɗai ce cikin mota, daga waje ake kallon yadda za ki shige tsakanin sanduna. Fita gari da inspekta a gefe ita ce matsalar, kuma ta faɗo min a Janairu 2021, lokacin da cutar ta sake tasowa tun Disamba, allurar riga-kafi kuma ba ta iso ba. Sai ƙarshen Maris aka fara yin ta a Nijar.

A lokacin hankalin kowa yana kan hannu. Duk ƙofar da ka nufa akwai bokiti mai famfo da sabulu, kowa da kwalbar jel a aljihu, an daina musabaha. Ba laifi, wanke hannu ibada ce ma a wurinmu. Amma ka duba motar jarrabawa: ɗalibi a sitiyari, inspekta a dama, wasu ɗalibai a baya suna jiran layinsu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Tazarar mita ɗaya da ake ta shela a rediyo ba ta da wurin zama a nan. Cutar nan ta numfashi ce, tana fita da tari da magana, har da numfashin wanda bai san yana ɗauke da ita ba, ta rataya a iskar wurin da aka rufe. Ko ka goge sitiyari har ya yi ƙyalli, in gilasai suna sama, abin da na baya ya fesar shi kake shaƙa.

Wata mai kawo min ɗinki, ma'aikaciyar jinya, ita ta fara faɗa min haka tana gwada riga. Ta ce masu bincike a jami'ar Brown ta Amurka sun yi nazarin yadda iska ke yawo cikin mota, sakamakon ya fito a ƙarshen 2020: mafi muni shi ne a rufe gilasai duka a kunna kilim, na'urar sanyaya mota, mafi kyau a sauke duka huɗun. Ta ƙara da cewa in dole sai an kunna kilim, a kashe maɓallin nan mai juya iskar ciki, a bar ta waje ta shigo.

Sanin abin ba shi ne wahala ba, faɗinsa ne. Janairu ne fa, hunturu ya kankama, hazo ya rufe kogin Kwara har ba ka hango unguwar Harobanda ta ƙetaren kogi daga wannan gaɓar, sanyin safe yana ratsa ƙashi. Ba mai son buɗe gilashi. Kuma kowa na tari, ba ka iya bambance na ƙura da na cuta. Sannan mutumin da zan roƙa sa'an Baba ne, kuma biro yana hannunsa. A tarbiyyarmu yarinya ba ta shiga wurin babba ta fara tsara masa yadda za a zauna, balle ranar da take neman sa hannunsa.

Na fara kai kukana wurin monita, mai koya mana tuƙi, tun ana saura kwanaki. Ya yi dariya ya ce, "Madam, ki dai riƙe kulocinki kada mota ta mutu, sauran ki bar wa Allah." Na ce masa na bar wa Allah, amma akwai mai ciwon suga a gidanmu. Sai ya daina dariyar. Shi ne ma ya hana wani saurayi cikinmu zuwa, wanda ya ce jikinsa da zafi kuma ya daina jin ƙamshin abinci. Ya ce ya zauna gida ya kira lamba 15 ta ma'aikatan lafiya, za a sa shi a wani zagayen. Yaron bai so ba, kuma na fahimce shi: wanda ya tara kuɗinsa jika-jika, ga aikin direba yana jiransa, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa ya dakata. A ganina duk inda ɗage jarrabawa zai ci wa mutum kuɗi, to an koya masa ɓoye zazzaɓi ne.

Ranar, mun jira a waje ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, kowa ya ja gefe. Da layina ya zo na shafa jel, na tsaya ya bushe sarai don hannu mai santsi ba ya riƙe sitiyari. Na goge sitiyarin da kan giya da birkin hannu da bakin bel, na gyara kujera da madubai. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman alfarma. Mahaifina ba shi da lafiya, in ba damuwa a bar gilasai a ƙasa." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ja takunkuminsa da ke haɓa ya rufe hanci, ya ce, "Ɗiyata, ke ce direba. Sauke." Na baya suka ƙudundune cikin rigunan sanyi, wata ta harare ni ta madubi, na yi kamar ban gani ba.

Takunkumin da na sa na ɗinka shi musamman: ninki uku, da siririyar waya a kan hanci, igiyarsa a ɗaure a ƙeya ƙarƙashin hijabi. Wayar ce ke hana numfashi hawa ya dushe min tabarau, igiyar kuma ta hana shi zamewa, don wadda ke gyaran takunkumi a tsakiyar shataletale ta saki sitiyari ke nan. Abin da gilashi a buɗe ya jawo shi ne ƙara. Ga hon ɗin faba-faba, ƙananan bas na haya, ga kabu-kabu suna kutsowa ta dama da hagu, ga muryar inspekta a bayan ƙyalle. Da ya ce wani abu a kan titin Mali Bero ban ji ba, ban yi kirdado ba, na ce ya maimaita. Daga nan sai ya riƙa haɗawa da nuni da hannu tun kafin mu kai mahaɗa. Ban ga ya rubuta komai a kaina don na tambaya ba. Wata amalanken jaki ce ma ta fi gwada ni, ta fito daga lungu ba sallama, na taka birki a hankali na ba ta hanya.

Na samu. Da na sauka gashin idona fari fat da ƙura, na wuni ina atishawa.

Daga baya na ɗinka wa monitan takunkumi irin nawa na kai masa, don in an duba shi ya fi kowa shiga haɗari. Mu mintuna kaɗan muke yi mu sauka, shi kuwa daga safe har la'asar yana cikin motar nan da sabon numfashi kowace awa. Na tarar da shi da wani ɗalibi, gilasai huɗu a ƙasa. Na ce, "Malam, ashe ka karɓi shawarata." Ya ce, "Wace shawara, Madam? Mai oto-ekol ne ya lura mai ya daina saurin ƙarewa tun da muka kashe kilim, ya ce kada wanda ya sake kunnawa."