Ranar da na ji muryata a aji

Alhamis, Kasala, gabashin Sudan.

Wuta ba ta dawo ba har asuba. Da na idar da salla na duba waya, caji 31 cikin 100, ga shi yau ce ranar da aka ce kowa ya zo da darasinsa a naɗe. Na tura ƙanena da ita shagon mai sola na bakin layinmu, na ce ya tsaya a kanta, kada a zare a sa ta wani. Inna tana suyar bunnu, wato 'ya'yan kofi, tana mita, wai tun da na shiga dawrar nan waya ta zama uwargida, mu duka 'yan aikinta ne. Ban tanka ba. Na sha jabana, kofinmu na gargajiya, finjali biyu, citta ta ji sosai, na ɗauki daftarin tahdiri, inda nake shirya darasi, na fita. Hazon sanyi ya rufe kan Totil, sai gindin dutsen ake gani.

Dawra ita ce kwas ɗin horar da malamai, ga waɗanda ke karanta ni daga Kano ko Maraɗi. Tamu sati 6 ce, Alhamis da Asabar, mu 28 daga makarantun unguwanni. In faɗi gaskiya, kuɗin mota da takardar shaida ne suka kai ni. Satin farko an nuna mana yadda ake sauke darasi daga Learning Passport, dandalin da UNICEF da ma'aikatar ilimi suka buɗe a Sudan a watan Oktoban 2021, tun kafin yaƙi, mai ɗauke da darussan manhajar gwamnati. Sati na biyu, yadda za ka tura wa iyaye aikin gida da murya a WhatsApp, don yawancin iyayen ɗalibaina ba sa karanta rubutu. Duk wannan na ji daɗinsa. Aikin wannan satin ne ya tsaya mini a rai: ki naɗi muryarki hissa guda cur, wato darasi ɗaya, minti 40, ki kawo a saurara. Murya kawai, ba hoto, saboda 'ya'yan mutane ne, kuma an gargaɗe mu kada kowa ya tura a zauren WhatsApp. Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara 9 ina sa wa yara jan biro, yau ni za a duba.

Ajina aji 2 ne, 'yan mata 74. Kafin 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, ba su kai 50 ba. Da Khartum ta rikice aka fara zuwa, da Madani ta faɗi a Disamban wannan shekarar kuwa sai garin ya cika maƙil. Makarantarmu ma ta zama masaukin 'yan gudun hijira, fiye da shekara ba a buga ƙararrawa ba. Har yau akwai baƙin hayaƙin murhu a kusurwar ajina, da ƙusar da wata baiwar Allah ta kafa ta rataye gidan sauro. Shi ya sa za ki ga 'yar shekara 10 zaune kusa da 'yar 7, littafinsu ɗaya.

Darasin lissafi ne, ɗebewa da aro: 52 a cire 17. Teburina yana bakin ƙofa, hayaniyar tsakar makaranta za ta shiga, sai na sa wayar cikin kwalin alli na ɗora a tagar baya. Na yi bayani, na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Yara suka amsa da ƙarfi. Da aka buga ƙararrawa na ce a raina, to, wannan ko muwajjih ne ya zo duba aiki ba abin da zai ce. A wurin fatur, wato kalaci, har na yi wa abokan aikina alfahari muna tsoma burodi cikin ful, dafaffen wake. Ɗaya ta ce, "Ke dai ki rage, kada su ɗauke ki su kai Bur Sudan su bar mu da ajinki."

Ƙarfe ɗaya na hau raksha, keke mai ƙafa uku, muka haye gadar Gash. Kogin ba ko ɗigon ruwa, yashi ne fari fat, yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa. Wanda bai gan shi a watan Agusta ba ba zai yarda yana cin gidaje ba. Mai raksha ba shi da canji, na tura masa ta Bankak, manhajar banki ta waya.

A zauren dawra ma babu wuta, janareta babu mai, na'urar haska bango tana zaune kan tebur an lulluɓe ta da ƙyalle. Mai horar da mu, matashiya ce 'yar Umdurman da yaƙi ya koro nan, ta ce yau ba ta buƙatarta. Ta raba mu biyu-biyu, ta ba kowa takarda mai layi uku: minti nawa malami ya yi yana magana, tambaya nawa ya yi kuma wa ya amsa, daƙiƙa nawa ya jira bayan tambaya. Ni aka haɗa ni da Baba Ustaz, dattijon unguwarmu, abokin marigayi mahaifina, wanda saura kaɗan ya yi ritaya. Wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, tun ranar farko yake cewa shi an turo shi ne cika lissafi. Bai naɗi komai ba, don haka tawa za mu ji.

Muka fita ƙarƙashin darbejiya, na ajiye wayar a kan benci tsakaninmu. Kafin in kunna ya ce, "'Yata, kada ki ɗauka wannan sabon abu ne. A ma'ahadin da aka horar da mu bisa tsarin Bakhtar Ruda, kana koyarwa abokanka suna zaune a baya da takarda, in ka gama su yi maka fiɗa ɗaya bayan ɗaya." Bakhtar Ruda ita ce tsohuwar cibiyar horar da malamai da aka buɗe a 1934 kusa da Duwaim, a bakin Farin Nilu, kuma dattawan malamai in sun ambace ta har zama suke gyarawa. Na ce, "To Baba, ai da sauƙi, yau kai kaɗai ne." Ya ce, "Mu uku ne. Ni da ke da wannan," ya nuna wayar, "kuma ita ba ta jin kunyar kowa."

Na kunna. Abin da ya fara dukana shi ne muryar kanta. Ashe haka nake? Siririya, da sauri, kamar mai tallan da rana ta yi wa. Na ga Baba Ustaz ya ciro carbinsa, na zaci lazimi zai yi ya bar ni da aikina. Ashe ƙirga yake. Duk sanda na ce "Fihimtu?" yara suka amsa "Fihimna ya ustaza!" sai ya ja ƙwaya ɗaya. Da muka kai ƙarshe ya ɗaga carbin ya nuna mini: 23. Sau 23 na tambaya ko sun gane, sau 23 suka ce sun gane, ban taɓa cewa wata ta nuna mini a allo abin da ta gane ɗin ba sai a minti biyar na ƙarshe.

Sauran lissafin ma bai yi mini daɗi ba. A minti 40, na cinye 31 ni kaɗai. Tambayoyi na gaske 14, guda 11 'yan mata huɗu ne suka amsa, duk na bencin gaba, duk 'yan Khartum da Madani waɗanda Larabci ne harshen gidansu. Jira kuwa babu. Ina tambaya, kafin yarinya ta haɗiye yawu na kira wata ko na amsa da kaina. Daga baya mai horarwa ta ce ba ni kaɗai ba ce, wata Ba'amurkiya mai suna Mary Budd Rowe ta auna wannan tun farkon shekarun 1970 da irin wannan naɗin murya, ta samu malamai ba sa wuce kamar daƙiƙa ɗaya, kuma in an ja jiran ya kai daƙiƙa 3 amsoshi suna tsawo, masu shiru ma suna buɗe baki. Ta sa muka gwada yin shiru na daƙiƙa 3 a zaure. Wallahi da tsawo. Sai ka ji kamar ka manta darasin ne.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abincin dare ba. A minti na 26, ina can gaban allo ina maimaita kalmar istilaf, wato aro, sai wayar ta kamo raɗa daga bencin baya, kusa da tagar da na ajiye ta. Da Hausa. Na gane muryar, wata doguwa ce mai shekara 10, 'yar mai sayar da ƙosai, wadda na rubuta wa "mai surutu" a daftarina. Tana ce wa ta kusa da ita: "Biyu ba za ta iya biyan bakwai ba. Sai ta shiga gidan maƙwabciya ta ranto goma, ta zama sha biyu. Ita kuma maƙwabciyar da biyar gare ta, yanzu saura huɗu. Kin gani?" Ɗayar ta ce, "Au, rance ne?" Sai ga muryata daga nesa kamar tsawa: "Askuti ya bit!" Yi shiru ke yarinya. Suka yi tsit.

Baba Ustaz ya ce in mayar baya. Muka sake ji. Ya ce in sake. Na ce, "Baba, don Allah ya isa." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi dariya ba, ya mayar da carbinsa aljihu ya ce, "Minti 40 ɗin nan, nan ne kawai na ji wani ya ce au."

Abin ya dawo mini da kaina ina aji ɗaya. Na shiga makaranta ban san Larabci ba sai na salla da na sayen gishiri. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka yi zango a nan, zangon ya zama gida, harshen kuma bai bar cikin gida ba. Malamarmu ta lokacin in ta ji Hausa sai ta ce a daina rutana, wato yaren da ba Larabci ba, da bulala a hannu. Na rantse a raina ba zan zama irinta ba. Bulala kam ban riƙe ba.

Da muka koma zaure na ba da labarin, ban kunna ba. Nan gardama ta tashi. Wata ta ce harshen koyarwa Larabci ne, jarrabawa da Larabci za a yi, in aka buɗe ƙofar Hausa yaushe za su koya? Wani ya ce ajinsa akwai 'ya'yan ƙabilun Bani Amir da Hadandawa, shi bai iya harshen ko ɗaya ba, ya zai yi? Ni ma ina da su, 9, kuma ban san me suke raɗawa ba. Mai horarwa ta kawo shawara: bayan misali na farko a ba su minti 2, kowace ta yi wa ta kusa da ita bayani da harshen da ta ga dama, sannan amsa a allo da Larabci. Baba Ustaz ya girgiza kai, ya ce yara 74 in suka buɗe baki lokaci guda mudir, shugaban makaranta, zai zaci gobara ce. Ina ganin yana da gaskiya a kan hayaniyar. Ina kuma ganin zan gwada duk da haka. Ba a rabu a kan matsaya ɗaya ba.

Kafin a tashi wani ya yi tambayar da ake yi kowane zama: yaushe za a raba mana tablet? Ya ji labarin waɗanda ƙungiyar War Child ta kai wasu ƙauyuka tun kafin yaƙi, yara na koyon lissafi da wasa, ana caji da sola. Ni ma har jiya abin da nake jira ke nan, kuma in an kawo ba zan ƙi ba. Sai dai ban manta Fabrairun 2024 ba, da layukan waya suka ɗauke a kusan duk ƙasar, 'yan'uwanmu na Jazira sai sun biya kuɗin sa'a wurin masu Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, kafin mu ji ko suna raye. Tun lokacin duk abin da sai da shabaka, wato netwok, yake aiki ina riƙe shi da hannu ɗaya. Manhajar naɗin muryar nan kuwa tare da wayar na saye ta, shekara 4 tana ciki, ban taɓa buɗe ta ba sai yau.

Bayan isha'i ina tsakar gida na sake kunnawa a hankali, ina neman minti na 26. Inna tana kan darduma ta juyo ta ce, "Wace ce wannan mai faɗa haka? Kishiya aka yi mata?" Na ce, "Ni ce, Inna." Ta yi shiru, ta ce in ƙaro sauti. Da raɗar ta zo ta matso da kunne, ta ce, "Wannan ai 'yar mai ƙosai ce. Uwarta ma haka take da lissafi, ba a cin ta ko sisi." Ta ce gobe in na je sayen ƙosai in gaishe ta.

An ce mu goge naɗin bayan mun cike takarda. Na cike, ban goge ba tukuna, sai Asabar. A daftarin tahdirin Lahadi na rubuta 63 a cire 28, a gefe na zana ɗigo uku manya don in tuna da jira, na kuma soke "mai surutu" daga gaban sunanta. Caji saura 9, wuta ba ta zo ba.