Al Ain, Garin Dabino da Gidajen Ƙasa a Tsakiyar Hamada

Aminina ne, wani Alhaji mai shagon yadi a kasuwar Sabon Gari, ya matsa mini lamba in raka shi Dubai sarin kaya a watan Fabrairu, ni kuwa na amsa bisa sharaɗin cewa idan ya gama cinikinsa za mu leƙa Al Ain, inda wani tsohon ɗalibina ɗan Tudun Wada yake aiki, ya kuma daɗe yana gayyata ta. Ba zan ɓata lokacin mai karatu da labarin jirgi ba, sai dai in ambaci wani jami'i a filin jirgin da muka yada zango, wanda da ganin koren fasfo ya ware mu gefe, ya juya takardunmu gaba da baya kamar mai neman laifi, sa'an nan ya tura mana su da bayan hannu ba tare da ya ɗaga kai ya dube mu ba. Alhaji ya saba da irin wannan, bai ko tanka ba. Ni dai abin ya tsaya mini a rai har muka sauka.

Al Ain tana ƙarƙashin masarautar Abu Dabi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a kan iyaka da ƙasar Oman, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga Dubai. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hanyar kanta. Hagu da dama tuddan jan yashi ne iya ganinka, amma bakin titin jere yake da itatuwa, kuma da muka tsaya shan mai na sauka na duba, sai na ga kowace bishiya da siririn baƙin tiyo kwance a gindinta yana ɗiga mata ruwa. Babu bishiyar da ta tsira da kanta a wannan hanya, kowace ɗaya wani ne ya dasa ta, wani kuma yake biyan kuɗin ruwanta. Na tuna yadda ake taruwa kowace damina a yi bikin dashen itatuwa a wajenmu, a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun gama da su. Garin kuma ya bambanta da Dubai ƙwarai: babu dogayen benayen nan masu sa wuya ya ƙage, sai shataletale bayan shataletale, kowane da furanni a tsakiyarsa.

Washegari da sassafe ɗalibin nawa ya kai mu dausayin da ke tsakiyar gari, wanda shi ne asalin zaman mutane a wurin. Faɗinsa ya kai hekta 1,200, da bishiyoyin dabino sama da 147,000, kuma yana cikin wuraren Al Ain da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihin duniya a shekarar 2011. Shiga kyauta ne, wanda ya sa Alhaji ya sake tambayar mai gadi sau biyu don ya tabbatar. Da zarar ka wuce ƙofa ƙarar motoci ta yanke, zafi ya ragu, kana tafiya a siririyar hanya tsakanin katangu, inuwa a kanka. Gonakin kuwa suna da masu su, kowane gida da yankinsa da ya gada kaka da kakanni, kuma a ƙarƙashin dabinon ana shuka mangwaro da lemo da ayaba, dogon yana kare gajeren daga rana.

Ruwan da ya raya wannan wuri yana zuwa ne ta hanyar da suke kira falaj, wato magudanar da ake haƙawa a ƙarƙashin ƙasa tun daga gindin duwatsu, ruwa ya gangaro da kansa ba tare da inji ba, har ya fito fili a rarraba shi gona-gona bisa lokaci. Masu binciken tarihi sun ce an fara wannan dabara a yankin shekaru kusan 3,000 da suka wuce. Na tsuguna na ga yadda wani ma'aikaci ya zare ƙaramin marfi daga bakin wata kwata, ya toshe wata, nan take ruwan ya juya zuwa gonar da lokacinta ya yi. Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin Galma ya san rigimar da rabon ruwa ke haddasawa, saboda haka na jinjina wa mutanen da suka tsara shi tun kafin a san agogo. Sai dai ɗalibina ya ja hankalina cewa kada in ruɗu da abin da nake gani, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya sosai, a yau da famfo ake tallafa wa magudanun.

A nan ne muka gamu da abin da ya fi komai daɗi a tafiyar. Muna tsaye muna kallon wani mutum da ya hau bishiyar dabino da igiya mai faɗi a bayansa, ƙafa ba takalmi, yana zaro silin furen namijin dabino daga ɗaurin da ke ƙugunsa yana cusa shi a cikin furen macen, sa'an nan ya ɗaure da ganye, domin lokacin barbarar dabino ne kuma da hannu ake yin ta bishiya bayan bishiya. Alhaji ya ce da ni, “Malam, wannan aikin ko an ba ni gonar kyauta ba zan iya ba.” Sai muka ji daga bayan katanga an ce, “Sannunku da zuwa, mutanen ina ne?” Wani dattijo ne mai kula da gonar, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa garau take, sai ɗan Larabci da ke faɗowa nan da can. Da ya ji daga Zariya muke, ya rantse ba za mu wuce ba sai mun zauna. Ya shimfiɗa tabarma, ya kawo gahawa mai ƙamshi a 'yan ƙananan kofuna, da dabino irin wanda suke kira khalas, mai laushi da danƙo, wanda ko kusa bai yi kama da busasshen da muke saye a faranti lokacin azumi ba. Ya yi ta tambayarmu ko har yanzu ana hawan Sallah, ko ganuwa tana nan. Da za mu tashi Alhaji ya sa hannu a aljihu, dattijon ya riƙe masa hannu ya ce, “Haba Alhaji, ɗan'uwa ba ya biyan kuɗin gahawa,” ya kuma cika mana leda da dabino.

Gidan namun daji yana kusa da gindin dutsen Hafit, kuma Shehu Zayid, shugaban ƙasar na farko, shi ne ya kafa shi a 1968, shekara uku kafin a haɗa masarautun su zama ƙasa ɗaya. Lokacin da muka je kuɗin shiga dirhami 30 ne da 'yan kai, wanda ga mutumin can bai kai kuɗin abincin rana ba, amma da yake dirhami ɗaya ya tasam ma naira 400 a lokacin, Alhaji ya tsaya a bakin taga yana lissafi da yatsu. Akwai wani ɓangare da ake zagaya da mutum a mota cikin dabbobin Afirka, kuɗinsa ya ninka na shiga sau da yawa, muka ce mun yafe, tunda ba mu baro Afirka domin mu biya dirhami mu ga raƙumin dawa ba. Hatta ba shi ganye da hannu sai ka sake biya. Wurin dai tsaf yake, dabbobin a ƙoshe, da inuwa da ruwan sha da wurin salla, kuma ban ga yaro ko ɗaya yana jifan biri ba.

Zakuna da birai ba su daɗa ni da ƙasa ba. Inda na daɗe shi ne wajen dabbobin hamada. Akwai farin maririn Larabawa, wanda mafarauta masu mota da bindiga suka ƙarar da shi a daji a 1972, aka ci gaba da kiwonsa a killace har ya yi yawan da aka sake mayar da shi cikin yashi. Kusa da shi kuma sai ga namu, maririn Sahel mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu zuwa baya da jan wuya, wanda a da yake yawo garke-garke a Nijar da Chadi. A shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji gaba ɗaya, kuma daga garken da aka tara a Abu Dabi ne aka fara mayar da shi Chadi a 2016, har ya hayayyafa a can. Na girma ina jin sunan mariri a bakin tsofaffi, amma ban taɓa sa shi a ido ba sai a ƙasar Larabawa, bayan na sayi tikiti.

Daga nan muka shiga gidajen tarihi. Fadar da Shehu Zayid ya zauna da iyalinsa har zuwa 1966, shekarar da ya zama sarkin Abu Dabi, an gina ta a 1937, aka mayar da ita gidan tarihi a 2001. Na shiga ina tsammanin zinariya da madubai, sai na tarar da tsakar gida bayan tsakar gida, da ɗakuna matsakaita, da wurin karɓar baƙi maza dabam da na mata, da ɗakin karatun yara, da tsohuwar Land Rover a ajiye a fili. Duk wanda ya san tsarin gidan sarauta a ƙasar Hausa, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, ba zai ɓata a wannan fada ba. Akwai attajirai a Zariya da gidajensu suka fi ta ƙawa nesa ba kusa ba.

Ganuwar Jahili, wani tsohon ginin tsaro, ita ce ta fi tsaya mini a zuciya. An gina ta da tubalin ƙasa a shekarun 1890, zamanin Shehu Zayid na Farko, kakan wanda ya kafa ƙasar, da hasumiya mai hawa-hawa a gefe guda da rufin itacen dabino da aka jera kamar yadda maginanmu suke jera azara. Da aka zo gyara ta, ba a rushe an zuba siminti ba. An sake yaɓe ta da ƙasa, aka binne siraran bututu a cikin bangon, ruwan sanyi yana zagayawa a ciki, ta yadda ɗakin yake da sanyi ba ka ganin na'ura ba ka jin ƙara. Na dafa bangon da tafin hannu, sanyi ƙalau. A wani sashe an jera hotunan Baturen Ingila Wilfred Thesiger, wanda Larabawa suka laƙaba wa Mubarak bin Landan, da ya ratsa babbar hamadar Rub'ul Khali a kan raƙumi a shekarun 1940.

Ina tsaye a wurin tunanina yana Masallacin Juma'a na Zariya. Abin da Babban Gwani ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizonsa da zanen da ke jikin ginshiƙansa, ya fi duk abin da na gani a Al Ain gwaninta, kuma ya girmi ganuwar Jahili. Amma mu da ƙasa ta fara ba mu kunya sai muka lulluɓe shi da sabon gini, ganuwar gari kuma aka bar ta ga ruwan sama da masu ɗiban ƙasa, maginan da suka san haɗin makuba suna ƙarewa ba magada. Da na faɗi haka a mota, Alhaji bai yarda ba. Ya ce, “Malam, ka bar wannan magana. Mutanen nan kuɗin mai gare su kuma ba su da yawa, ga shi ba a yi musu ruwan Agusta. Ka ba ni rabin abin da suke kashewa ka ga ko ganuwa ba ta tashi ba.” Yana da gaskiya ta wani fanni, domin ginin ƙasa a inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya yana bukatar yaɓe kowace shekara, kuma hannayen da ke share lambunan nan da hawa dabinon kusan duk na baƙi ne daga Pakistan da Bangladash da Sudan. Amma mu ma ai mun ga kuɗin mai, kuma yaɓen kowace shekara kakanninmu sun yi shi da gayya ba tare da dirhami ko ɗaya ba. Ba mu daidaita ba har muka isa masauki.

Kasuwar raƙuma da ke bayan gari ita ce inda Alhaji ya dawo cikin hayyacinsa. Tun kafin mu rufe ƙofar mota wani saurayi ya kama hannuna ya ja ni cikin garke, ya ɗora mini hannu a wuyan wani ɗan raƙumi, ya karɓi wayata ya ɗauki hoto, sa'an nan ya ce dirhami 50. Alhaji ya yi dariya, ya taya 5, ya juya kamar zai tafi, aka yi ta ja-in-ja da Larabcin kasuwa da nuni da hannu har aka tsaya a 10. Wannan ne kaɗai wurin da na ga hayaniya da ƙura da rantsuwar ciniki a duk garin, kuma in ban da tufafin mutanen, da sai in ce a Maigatari nake.

Gidan Muwaiji, inda aka haifi Shehu Khalifa, ɗan Shehu Zayid kuma magajinsa, a 1948, mun zagaya shi a gurguje. An gina zauren gilashi a cikin tsohuwar katangar, bai burge ni kamar Jahili ba. Da yamma muka hau dutsen Hafit, mai tsawon sama da mita 1,200, ta wata hanya mai kwana-kwana da ta sa Alhaji salati tun daga ƙasa har sama. A gindinsa akwai wurin shaƙatawa na Mubazzara, da ciyawa shar da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa, iyalai sun baje suna gashin nama. Muka tsoma ƙafa muka tashi.

Mun koma Dubai a motar haya, Alhaji ya ƙarasa ɗaurin kayansa a Deira. A filin jirgi aka auna jakunkunanmu, dabinon da ya saya don tsaraba ya haura nauyin da aka yarda, kuɗin da aka caje shi a kai ya fi kuɗin dabinon, ya biya yana ƙunƙuni har muka sauka Kano.