A Leeds na fara kiran sunan 'yata ta fari

Mun sauka a Manchester ranar Asabar, 17 ga Satumba 2022, ni da maigidana da yaranmu biyu, bayan mun taso daga Kano mun yada zango a Doha. Shi karatun digiri na uku ya kawo shi Leeds da ke ƙasar Ingila, mu kuma muka biyo shi. A cikin akwatunanmu shida, biyu babu komai sai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. Kilishin da aka haɗo mana kuwa a gida muka bar shi, don an gargaɗe mu cewa ba a shiga ƙasar da nama. Ranar Litinin aka yi jana'izar Sarauniya Elizabeth, manyan shaguna a rufe, gari tsit. Wani bazazzage da ya riga mu zuwa da shekara biyu shi ya kawo mana tukunya da barguna da shinkafa da miya da matarsa ta dafa. Allah ya saka musu da alheri, da abincinsu muka kwana biyu.

Kafin mu taso, duk wanda ya zo sallama sanyi yake ambata mini. Babu wanda ya ce mini uffan game da abin da ya fi ba ni wuya, wato zama da 'yata.

Shekararta biyar a lokacin, ƙanenta yana da uku. Ita ce ta fari, kuma sunan surukata aka sa mata, saboda haka kunya biyu ce ta hau kaina. Tun da aka yaye ta take kwana a ɗakin Hajiya. Gida ɗaya muke, tsakar gida ɗaya, amma Hajiya ce mai yi mata wanka da kitso, ita ke lallashinta in ta yi kuka. Ni in zan kira ta sai in ce "ke", in zan ambace ta in ce "'yar Hajiya". Ita kuma Anti take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannen babanta suna faɗa. Ban taɓa ganin aibun wannan ba, kuma har yau ban gani ba. Haka aka rene ni, ni ma 'yar fari ce, kuma yarinyar ba ta rasa gata ba ko na yini ɗaya. Gidanmu cike yake da hannuwa. Sai ga shi jirgi ya ɗauko ta daga cikin mutum goma sha huɗu ya ajiye ta a ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Harehills, daga ita sai uban da ke fita tun safe, sai ƙane, sai Anti.

Bayan 'yan makonni aka ba ta gurbi a aji ɗaya na firamare. Rubuta sunanta a takarda bai dame ni ba. Amma ranar farko malamar ajinsu ta durƙusa a gabanta, ta ɗago ta dube ni ta ce in faɗa mata yadda ake furta sunan, don ba ta so ta ɓata shi. Babanta yana jami'a, babu wanda zan waiwaya. Na faɗa, ƙasa-ƙasa, har sai da ta ce in maimaita. Yarinyar ta ɗago kai ta kalle ni. Ina jin ranar ce ta fara jin sunanta a bakina.

A bakin ƙofar makaranta kowace uwa sai ta rungumi ɗanta kafin ya shiga. Ni sai in miƙa mata jaka in ce ta yi sauri. A mako na uku malamar ta tsayar da ni lokacin tashi, ta tambaye ni cikin ladabi ko ni ce mahaifiyarta, domin yarinyar ta ce Anti ce ke zuwa ɗaukarta, su kuma ba sa ba da yaro sai ga wanda iyaye suka rubuta sunansa. Na yi mata bayanin alkunya iya yadda Turancina ya kai. Ta saurara, ba ta ce komai a kai ba, sai dai ta shaida mini cewa yarinyar ba ta magana a aji, kuma ba ta cin abincin rana, duk da cewa kyauta ake ba yara har zuwa aji biyu, mun kuma zaɓa mata marar nama. Na tura keken ƙanenta muka dawo gida, hawaye na zuba, ruwan sama na rufa mini asiri.

Ana cikin haka duhu ya shigo. Ranar 30 ga Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma zuwa Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi wajen huɗu saura kwata. Azahar da La'asar da Magariba duk sai su cushe cikin awa huɗu, ga ɗauko yara ƙarfe uku da kwata a tsakiya. Na koyi yin La'asar da rigar sanyi a jikina, ina sallamewa in fita. Shekarar ce kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, sai da gwamnati ta rage wa kowane gida fam 400 a tsawon hunturun. Mu da muke lissafi da naira, sai muka riƙa kashe hita muna rufe tagogi ruf, muna shanya wanki a cikin ɗaki. Ba a jima ba fumfuna ta yi baƙi a bangon bayan gadon yara, ƙaramin ya kama tari. Wata maƙwabciyarmu 'yar Pakistan ce ta koya mini buɗe taga minti goma kowace safiya komai sanyi, da janye gado daga jikin bango. Ma'aikaciyar lafiyar yara kuma ta ce lallai mu riƙa shan bitamin D, mu duka, domin masu baƙar fata ba sa samun isasshe daga ranar ƙasar ko da bazara. Duk mai shirin zuwa da yara, waɗannan biyun ya riƙe su tun makon farko.

Amma wanda ya fi sanyi cin rai shi ne rashin wanda za ka ce wa "riƙe mini shi ina zuwa". A Kano in gishiri ya ƙare, ɗan maƙwabta ya isa aike. A nan sai an sa wa yaro safa da takalmi da hula da riga a kan riga, a ɗaure shi a keke, a fita tare, don barin ƙananan yara su kaɗai a gida zai iya jawo wa iyaye hukuma. Ko wasa da 'ya'yan wasu sai an tsayar da rana da lokaci. Maigidana, wanda a gida bai taɓa sanin inda soson wankan yara yake ba, ya zama shi ke yi wa ƙaramin wanka yana shirya shi kafin ya kama bas. Ba a zaune muka tsara hakan ba. Wata safiya ya tarar da ni zaune a ƙasan kicin na kasa tashi don gajiya, ya ce, "Maman yara, bari na karɓi wannan." Tun daga ranar bai sake ba.

Kullum yarinyar tana dawowa da ɗan littafin karatu a jaka, da wani littafin da iyaye ke sa hannu a ciki cewa an karanta. Babanta ba ya dawowa sai dare, dole aikin ya faɗo kaina. Da farko ina kujera tana ƙasa, littafin yana tsakaninmu. Haruffan ƙanana ne, sai na ce ta matso. Bayan kwanaki ta dawo gefena. Wata rana ina nuna mata kalma da yatsa sai na ji nauyin kanta a kafaɗata, gashinta yana ƙanshin man kaɗanyar da Hajiya ta ƙulla mana. Jikina ya so ya janye, kamar yadda ya saba. Na daure ban motsa ba, muka gama shafin.

Tsakiyar Disamba aka yi wani sanyi na fiye da mako guda, hanya duk ƙanƙara, ita kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. Cikin dare ta farka tana kuka tana kiran Hajiya. Na ba ta magani, na shafa mata ruwa, kukan bai tsaya ba. Sai na ɗauko zani na goya ta, yarinya 'yar shekara biyar da ƙafafunta ke kaiwa gwiwata, ina kai da komo tsakanin ƙofa da taga. Rabon da in goya ta tun kafin yaye. Ina jijjiga ta ina kiran sunanta a hankali, ina maimaitawa, har numfashinta ya daidaita a bayana. Babanta yana tsaye a bakin ƙofa, bai ce komai ba, ya je ya kunna hita ya bar ta har safe.

Daga nan abubuwa suka fara sauƙi, ba a rana ɗaya ba. Ƙaramin ya samu awa 15 a mako na renon yara kyauta da ake ba 'yan shekara uku da huɗu, na samu sararin zuwa kasuwar Kirkgate ni kaɗai, na gano irin shinkafar da ke yin tuwo. Ranar ƙaramar Sallah, Juma'a 21 ga Afrilu 2023, makaranta ta ba da izinin kwana ɗaya, muka yi Idi, muka taru da iyalai biyar na Hausawa a gida ɗaya, kowa da tukunyarsa. Yarinyar da ba ta magana a aji ta zama sai an ce ta yi shiru.

Sai kuma wata damuwar ta ɓullo: bakinta ya buɗe ne da Turanci. Kafin shekara ta zagayo ita da ƙanenta sun daina wasa da Hausa. Muka kafa doka cewa daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa ce, wanda ya tambayi abu da Turanci a ce ya sake. Dokar ita kaɗai ba ta yi aiki sosai ba. Abin da ya yi aiki shi ne Hajiya. Duk daren Asabar da Lahadi muna kiranta ta WhatsApp ta yi musu tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi, Ta-kitse, har da kacici-kacici. Da bazara agogonmu ɗaya da Kano, da hunturu suna gabanmu da awa ɗaya, sai mu kira da wuri kafin ta kwanta.

A irin wannan kiran ne na yi suɓul da baka. Yarinyar ta tashi ta bar wayar tana neman wani abu a ɗaki, ni kuma na ɗaga murya na kira ta da sunanta, sunan Hajiya ke nan, Hajiya tana ji tana gani. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Hajiya, a gafarce ni." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Kira ta mana, 'yar nan. In ba ki kira ta ba, wa zai kira ta a can?"

Yarinyar ta dawo da gudu ta haye cinyata, ta karɓi wayar ta ce, "Hajiya, ci gaba, Umma ta ce saura minti biyar mu kwanta."