Laraba: liyarin Kawu Sale

Yau ce ranar gwanjon tsofaffin kuɗaɗe na Landan da nake jira, kuma tun da safe na yanke iyakar abin da zan taya wa aninin 1907. Gidan gwanjon ya ƙiyasta shi tsakanin fam 40 da 60. Na bi sakamakon gwanjon baya na ga yadda aka sallama irinsa, sai na tsaya a kan fam 55, domin idan aka ɗora la'adarsu ta kashi 20 cikin 100 ya zama fam 66 ke nan, ban da kuɗin aikowa da abin da canji zai ci. Na rubuta adadin a takarda na manna a gefen kwamfuta, na tafi aiki cikin nishaɗi.

Bayan la'asar sai ga Kawu Sale ya yi sallama. Da muka gama gaisawa ya zaro hankici daga aljihun gaba, ya kwance ƙullinsa a hankali, ya ajiye mini liyari guda, wato tsohon kuɗin azurfa, a kan tabarma. Na mahaifiyarsa Hajiya Babba ne, yana cikin abin da ya faɗo a rabonsa, kuma Bashir ya nuna masa a waya cewa wani ya sa wa irinsa suna miliyoyin naira. Ya ce, "Ɗana, kai ne ka san waɗannan abubuwa. Duba shekarar da ke jiki, 1780. Yau shekara nawa ke nan?"

Na ɗauko sikeli da madubin ƙara girma. Sabon liyari yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, na Kawu kuwa ya tsaya a 27.4, wanda ba abin mamaki ba ne ga kuɗin da aka huda aka rataya a wuya shekara da shekaru. Azurfa ce ta gaske, rubutun gefensa yana nan, mikiya mai kai biyu tana nan a bayansa, haruffan S.F. suna ƙarƙashin hoton sarauniyar. Amma gashin kanta ya shafe, kuma 'yan duwatsun da ke kewaye da maɓallin kafaɗarta, waɗanda fataken da suke ƙirgawa kafin su karɓi liyari, sun narke sun zama tudu ɗaya. Bakin hudar ma ya yi santsi saboda gogar zare.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, shekarar nan ba ta nuna ranar da aka buga shi." Na bayyana masa cewa Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ta rasu ne a 1780, kuma da yake 'yan kasuwar Larabawa da na Habasha da namu na wannan ɓangaren Sahara sun riga sun amince da kuɗin, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba tare da an canja ta ba. An buga shi a Roma da Landan da Faris da Bombai a shekarun 1930 da 1940, kuma har gobe ana buga shi a Biyana. Adadinsa ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Akwai 'yan ƙalilan na farko-farko da masu tarawa suke tsada a kansu, amma wanda aka huda, ya kuma goge haka, farashinsa ba ya nisa da na azurfar da ke cikinsa, wadda a sabo ma giram 23 ce da 'yan kai, tunda kashi 83 cikin 100 ne azurfa, sauran tagulla.

Ya ce to wanda Bashir ya nuna masa fa? Na ce ai sa suna daban, sallamawa daban. Kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a intanet, kuma abin da nake dubawa kullum shi ne nawa aka biya a hannu, a wane gwanjo, a wace shekara, kuma kayan yana wane hali. Na buɗe masa sakamakon gwanjo da dama ya gani da idonsa.

Kawu ya yi shiru yana juya liyarin a tafin hannu. Can ya ɗago ya ce, "To kai nawa za ka taya?"

Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni har yanzu. Ba da faɗa ya yi ta ba, har da ɗan murmushi, amma na ji abin da ke ƙarƙashinta: ya ɗauka na kushe kayan ne don in saye shi da araha, irin yadda dillali yake fara lissafa aibin akuya kafin ya taya. Na ce ni ba zan saya ba, kuma shawarata ita ce kada a sayar, domin abin da za a ba shi bai kai darajar a ce na Hajiya Babba ne ba. Ya ce, "Haka ne," irin haka ne ɗin da ba a yarda ba. Ya ƙulle hankicinsa, ya ƙi tsayawa cin abinci duk da roƙon da Maman Hanifa ta yi masa, ya ce magariba za ta riske shi a hanya.

Gwanjon ya iso kan anini bayan isha'i. Kyakkyawa ne ƙwarai, na alminiyam, da hudarsa ta asali a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, ga sunan Sarki Edward na Bakwai a kewaye. Irinsa mai tsabta yana da wuyar samu, domin alminiyam ɗin bai jure yanayinmu ba, shi ya sa tun 1908 aka koma buga shi da garwayen tagulla da nikel. Kamfanin NGC, mai tantance ingancin kuɗaɗen tarawa, ya ba wannan daraja 63 a ma'auninsu da ke ƙarewa a 70. An buɗe da fam 30, na shiga, kafin in gyara zama an wuce 55 ɗina. Mutum biyu suka rage suna ɗorawa biyar-biyar har aka buga guduma a fam 95, wato 114 da la'ada. Na janye hannuna daga kwamfuta ban ƙara ko sisi ba. Maman Hanifa da ke leƙowa ta tambayi anini nawa ne a fam ɗaya a zamaninsa, na ce 2,400, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ni dai dariyar ba ta zo mini ba. Rashin aninin bai dame ni sosai ba, wani zai fito. Abin da ya tsaya mini shi ne, da yamma na zauna gaban dattijo na yanke wa kayansa farashi da cikakken tabbaci, da dare kuma na ga mutum biyu da ban san su ba sun kusa ninka lissafin da na yi da irin wannan hanyar. Har yanzu ina kan bakana game da liyarin, domin abin da ake da shi miliyoyi ba ya haddasa irin wannan rige-rige, kuma hudar ta riga ta fitar da shi daga sahun abin da masu tarawa suke nema. Sai dai na san yadda maganata ta sauka a kunnen Kawu, wanda ya san ina aika fam zuwa Ingila saboda anini, sannan na ce masa azurfar mahaifiyarsa ba ta wuce nauyinta ba.

Na shigar da fam 114 a littafin farashi, da ranar da darajar kuɗin, ban kuma yanke ko zan ɗaga iyakata a gaba ba. Sakamako ɗaya bai isa ya zama farashin kasuwa ba.

Wajen ƙarfe goma Bashir ya kira ya ce Kawu zai kai liyarin wurin maƙeran azurfa a Kurmi ranar Asabar don ya ji ta bakinsu. Su a sikeli za su ɗora shi, kuma idan aka daidaita, ƙarshensa narkarwa a yi zobba. Gobe da safe zan biya gidan Inna Rabi in gaya mata, tunda ita ce kaɗai yake jin maganarta, ko ta karɓe shi ta ajiye wa jikokin.