Jar Lakar Karolina ta Arewa: Abin da Na Gani a Cikin Rami

Tun a filin jirgi maganar ƙasa ta tare ni. Cikin tambayoyin da ake yi wa mai shiga Amurka akwai ko ya taka gona kwanan nan, ko yana ɗauke da ƙasa ko iri. Ni kuwa malamin gona ne, na faɗi gaskiya, sai aka ware ni gefe. Jami'in da na faɗa hannunsa bai amsa gaisuwata ba, bai ko ɗaga kai ba. Da yatsa ya nuna mini in buɗe jaka, ya zaro takalman aikina, aka tafi da su aka wanko. Dokar ba ni da ja a kanta, don ƙwan tsutsa ko cutar shuka da ta maƙale a gindin takalmi tana iya jawo wa manoman ƙasa guda asara. Amma doka daban, wulaƙanci daban. Mutumin da ya kwana a sama yana tafe, ai ya cancanci a ce masa sannu.

Ƙanena ne ya ɗauke ni. Bikin gama karatunsa ne ya kai ni, ilimin ƙasar noma ya karanta a Raleigh, babban birnin jihar Karolina ta Arewa. Muna cikin mota ina ta mita, ya ce, "Yaya, yi haƙuri, rabu da shi. Dubi gefen hanya." Na duba. Duk inda aka yanke tudu don titi ya wuce, duk inda ake haƙa harsashin gini, ƙasar ja ce wur. Na ce masa wannan ai marmara ce. Ya ce a'a, laka ce, kuma tana da suna, Cecil. Daga nan fa hankalina ya bar biki ya koma kan ƙasa.

Yankin ana kiransa Piedmont. Tudu ne mai hawa da gangara a hankali, tsakanin duwatsun Afalashiya ta yamma da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku ta gabas. Wannan laka ta bi shi tun daga Bajiniya, ta ratsa Karolina biyun da Jojiya, har Alabama, ta mamaye sama da eka miliyan 10. A Karolina ta Arewa kaɗai ta kai kusan eka miliyan 1.6, shi ya sa suka ɗauke ta ita ce ke wakiltar jihar. Sunan kuwa daga gundumar Cecil ta jihar Meriland ya fito, inda aka fara sa ta a taswira a 1899.

Wani malamin ƙanena ya haɗa mu da wani dattijon manomi a gundumar Franklin, arewa maso gabas da Raleigh. A gundumar nan ne aka ajiye ramin da ake auna duk wata ƙasar Cecil da shi. Dattijon shanu yake kiwo, yana noma ciyawa da masara. Ban taɓa ganinsa ba, ba abin da zai samu a wurina, amma kafin mu iso ya riga ya tayar da motar haƙa ya buɗe mana rami a bayan gonarsa, mai zurfin da zai haɗiye mutum har kafaɗa, ya sassare gefe guda ya yi mana matakala. Matarsa kuma tun kafin ranar ta aiko tana tambayar abin da ba ma ci. Kaza ta dafa mana da dankali, da wata gurasar masara, da shayi mai sanyi da suke zuba wa sukari da ƙanƙara. Da azahar ta yi, ita ta nuna mana ɗaki mai tsabta ba tare da mun roƙa ba. Allah ya saka musu da alheri. Su suka wanke mini baƙin cikin filin jirgi.

Cikin ramin nan na fi daɗewa. Daga sama akwai ƙasa mai duhu-duhu, mai yashi-yashi, da ƙyar ta kai taƙi guda. Ƙarƙashinta sai layi ya fito sarai, jar laka ta fara, ta yi ƙasa har ta wuce ƙuguna. Na sa wuƙa na ɓamɓaro. Ba ta zo a dunƙule ba, sai ta rabu ƙananan curi-curi masu kusurwa, fuskar kowane curi tana ɗan sheƙi. Ƙanena ya ce sheƙin nan laka ce da ruwan sama ya wanko daga sama a tsawon dubban shekaru, ta sauko ta shafe fuskokin. Ita ce shaidar cewa lakar ƙaura ta yi daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa saman ya zama yashi-yashi. Na jiƙa kaɗan na murza tsakanin babban yatsa da manuni, ta miƙe doguwa ba ta karye ba. Can ƙasa jan ya fara raguwa, wasu 'yan ƙyalƙyali suna walƙiya a ciki. A gindin ramin kuwa na ga abin da ban taɓa gani da kyau haka ba: dutse ne a ido, da zanensa da komai, amma da na damƙa sai ya ruguje a hannuna. Ruɓaɓɓen dutse ke nan, uwar wannan ƙasa. Ba ruwa ne ya kawo ta daga wani wuri ba, ba iska ba. A nan inda take dutsen giranit da danginsa suka ruɓe suka zama ita.

Ƙanena ya fito da wani ɗan littafi mai ɗauke da ƙananan launuka jere-jere, littafin Munsell, ya kanga curin a jikinsu har ya sami wanda ya dace, ya rubuta lambarsa. Ta haka mutumin Alabama da na Bajiniya za su ce "ja" su kuma san ja iri ɗaya suke nufi. Na tambayi kuɗinsa, ya ce ya haura dala 200. Wannan tsada ta yi yawa ga littafin da kowane ɗalibi yake bukata, kuma na faɗa masa haka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halinta da ruwa. Mu a wurinmu in ka ce laka, fadama ke zuwa zuciya, ko baƙar firkin yankin tafkin Chadi inda ake dasa masakwa: ta sha ruwa ta kumbura ta riƙe shi, rani ya yi ta dare har ƙafa ta shige. Wannan kuwa laka ce a kan tudu, ba ta kumbura, ba ta darewa, kuma ruwa yana ratsa ta ya wuce. An yi ruwa kwana biyu kafin zuwanmu, amma ramin ba ɗigo a gindinsa. Dalili shi ne irin lakar. Ita wannan kawolin ce, wadda ƙwayoyinta ba sa buɗewa su sha ruwa, sannan tsatsar ƙarfe ta ɗaure su curi-curi, ta bar ƙofofi a tsakani. Jan ma daga tsatsar nan yake, kuma alama ce cewa iska tana shiga. Inda ruwa ke kwanciya, sai ka ga launin ya koma toka-toka da ɗige-ɗige.

Kada jan nan ya ruɗi kowa. Ƙasa ce tsohuwa, mai yunwa. Ruwan sama a yankin yana kai kusan milimita 1,200 a shekara, ga ɗumi, kuma an daɗe ana yi, har ya wanke yawancin abincin shuka. Tsaminta yana da ƙarfi, in ba a gyara ba awonsa a ma'aunin tsami na pH yakan tsaya tsakanin 4.5 da 5.5. A irin wannan tsami sinadarin alminiyam yana narkewa ya ƙone saiwa, tsatsar ƙarfen kuma tana kama fosfaras, ɗaya daga cikin abincin shuka, ta hana shukar samunsa. Kawolin ba ta iya riƙe taki da yawa. Dattijon ya ce ubansa ya koya masa cewa wanda ya zuba taki bai zuba farar ƙasa mai kashe tsami ba, kuɗinsa ya zubar. Shi duk bayan 'yan shekaru babbar mota ke zuwa ta watsa masa garin farar ƙasa. Garma kuwa ya daɗe da jingine ta. Cikin karan bara yake shuka da injin da ke tsaga ɗan layi ya sa iri, ba ya juya ƙasa. Ya kuma gargaɗe ni da abu guda: in ta jiƙe kada a taka ta da mota ko a sa mata ƙarfe, don in ta bushe a haka sai ta zama tubali. Ga kuma rini. Ƙafar wandona da ta taɓa ta har yau jan bai fita ba.

A daren, ƙanena ya zaunar da ni ya warware mini yadda masanan Amurka suke jera ire-iren ƙasa. Tsarin nasu ya fito a littafi a 1975, yanzu yana da manyan gidaje 12. Cecil tana gidan Altisol, wato ire-iren ƙasar da laka ta taru a ƙarƙashinsu, ruwa kuma ya wanke su har abin da ya rage na sinadaran da ke kashe tsami bai kai kashi 35 cikin ɗari ba. A cikin gidan tana ɓangaren wuraren da ƙasa ba ta daɗewa a bushe. Daga nan a sauko kan masu lakar da ba ta riƙe taki sosai, sannan a faɗi yawan lakar, kashi 35 zuwa 60 cikin ɗari, da irinta, da ɗumin cikin ƙasar, wanda a shekara yake tsakanin digiri 15 da 22. Cikakken sunanta a takarda Typic Kanhapludult. A tsarin da sauran duniya ke bi kuma tana cikin Akrisol, kuma danginta suna da yawa a wurare masu ruwa na Afirka ta Yamma. Tana da 'yan'uwa a gefenta: Appling ta fi ta rawaya, Pacolet lakarta ba ta kai tata kauri ba kuma ta fi son gangara, Madison ƙyalƙyalinta ya fi yawa. Na ce masa, "Kai, duk wannan rarrabewa ta mece ce?" Ya ce, "Yaya, gobe za ka gani."

Da safe ya kai ni wani fili da aka kafa wa allon sayarwa ya daɗe ba mai saye. Ƙasar wurin Iredell ce, daga baƙin dutse ta fito, lakarta mai ɗanƙo ce mai kumbura. A ƙauyukansu yawancin gidaje suna da ramin da ruwan bayi ke bi ya tsiyaye cikin ƙasa, kuma sai ma'aikacin lafiya na gunduma ya zo ya duba ƙasar kafin a ba da izini. Lakar da ke kumbura ba ta cin wannan jarrabawa. Fili biyu maƙwabta, ɗaya Cecil ɗaya Iredell, kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Sai na gane sunan ba ado ba ne.

Akwai abin da ya sosa mini rai. Jan da ake gani a saman gonaki da yawa ba asalin fuskar ƙasar ba ne, cikinta ne ya fito fili. An yi shekara da shekaru ana noma taba da auduga a kan gangaren nan, da gumin bayi 'yan Afirka, daga baya da na talakawa masu noman raba-daidai, ana cinye gona a tashi a sare wani daji. Ruwa ya kwashe saman. Masani Stanley Trimble, a binciken da ya fitar a 1974, ya ƙiyasta cewa kudancin Piedmont ya yi asarar kimanin santimita 18 na ƙasa in aka daidaita. Dattijon ya shigar da mu cikin dajin itacen da ake kira fayin da ke bayan gonarsa, ya nuna mana tsofaffin kunyoyin tare ruwa da kwazazzabai a ƙarƙashin itatuwa. Da can gonar auduga ce. Na tsaya ina tuna kwazazzaban da ke cin gonaki a wurinmu kowace damina, da fakon da ke ƙaruwa, ana kallo.

Wanda ya tayar musu da hankali a kan wannan ɗan jiharsu ne, Hugh Hammond Bennett, haifaffen gundumar Anson a 1881. Shi ya shugabanci hukumar kare ƙasar noma daga zaizaya da aka kafa a 1935, kuma a gundumarsa aka buɗe yankin kare ƙasa na farko a Amurka, Brown Creek, a 1937. Ba duk abin da suka yi ne ya yi kyau ba. Sun biya manoma su shuka wata yaɗo daga Japan mai suna kudzu don ta riƙe gangara, yanzu ga ta nan ta lulluɓe itatuwa da turakun lantarki, an rasa yadda za a yi da ita.

Taswirar ire-iren ƙasar nomansu tana intanet kyauta. A waya ƙanena ya zagaye gonar dattijon da yatsa, sunayen ƙasar kowane sashe suka fito. Gwajin ƙasa ma a jihar kyauta ne ga mazauna a yawancin watanni, sai lokacin cunkoso na hunturu ake biyan 'yan daloli. A ƙasar da aski da hayar mota ke zare wa mutum ido, wannan ne suka sauƙaƙa, kuma sun yi daidai. Tsofaffinmu ma sun san jigawa, sun san fadama, sun san gonar da ke son gero da wadda ke son dawa, saninsu bai gaza ba. Amma mu ma'aikata buhun kamfa ɗaya muke rubuta wa kowa, mai yashi da mai laka, ba mu haƙa ba, ba mu auna ba. Wannan yana ci mini rai.

A kasuwar gwanjo ta ƙarshen mako na ci karo da tsohon ƙarfen haƙa ƙasa irin wanda ake murɗawa da hannu. Na zaci ba sa ciniki, ashe a gwanjo suna yi. Na taya rabi, mai shi ya yi dariya, da ya ji aikin da zan yi da shi ya sallama, ya ƙara mini da ƙaramin shebur.

Daga nan muka yi kudu a mota. Mun ratsa Anson ba mu daɗe ba. Karolina ta Kudu fayin ne hagu da dama, da jar ƙasa a duk yankan hanya. A Jojiya ma haka, har cikin Atlanta, inda na hau jirgin dawowa. Ƙarfen ya iso lafiya. Kafin shuka ta kankama zan fara huda gonakin da ke kan tudu a shiyyar da nake aiki, in ga a wane zurfi laka take farawa a kowace.